Yini Guda a Bakin Tafkin Ayamé

Daga shirinmu na tafiye-tafiye

Wanda ya taɓa sauke shanu a kasuwar Port-Bouët, ko ya shigo da albasa Adjamé, ya san zaman jiran kuɗi a Abijan: kwana uku, kwana huɗu, ba abin yi sai shan shayi. To ga inda za a je a sha iska a dawo a yini guda.

Ayamé ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin Kodebuwa, arewa da Aboisso, ba nisa da iyakar Gana. Mota ana samunta a tashar Bassam da ke Treichville. Za ka wuce Grand-Bassam, ka ratsa Bonoua garin abarba, ka sauka Aboisso, sannan ka canja mota zuwa Ayamé. 'Yan kasuwar da ke bin hanyar Noé sun san Aboisso sarai, ratsewa ce kawai ba su taɓa yi ba.

Tafkin ba daɗaɗɗe ba ne. A 1959 aka datse kogin Bia, wanda ya taso daga Gana, aka gina madatsar wutar lantarki ta farko a ƙasar, aka ƙara ta biyu a 1965. Ruwan ya kwanta tsakanin tuddai, har yau ana ganin kututturan itatuwan da ya cinye. A wasu sassan Turai irin wannan wuri gonakin inabi ke kewaye shi. Nan kuwa koko ne da roba da kwakwar manja. Ka sa a gasa maka karfasa, a haɗa da aceke.

Sai dai ruwan nan da masu shi. Yankin na Agni ne, ƙarƙashin masarautar Sanwi mai fada a Krindjabo. A 1998 rikici ya tashi tsakanin 'yan ƙasa da masunta Bozo 'yan Mali, har baƙin suka bar tafkin. Don haka ka yi sallama, ka tambaya kafin ka shiga kwalekwale ko gonar wani. Makiyayi kuma kada koren ciyawa ya ruɗe shi: kurmi ne, akwai tsando, ƙasar duk ta noma ce.

Ka riƙe takardunka a aljihu saboda shingen jami'an tsaro, ka kama hanyar dawowa kafin la'asar sakaliya. Allah ya kiyaye hanya.