Faɗan Kifayen Teku A Akwatin Gilashi: Alhakin Yana Wuyan Wa?

Waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu fatake da ma'aikata masu zuwa Jidda da Dubai sukan ga akwatunan gilashi cike da ruwan gishiri, kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa a ciki, sai sha'awa ta kama su, su kafa irinsu a gida. Ba a daɗewa sai mai gida ya tarar da wani kifi ya maƙale a lungu, fiffikensa a yage, ya daina cin abinci, bayan kwanaki ya mutu. Sai a ce ai halin kifi ke nan, babba ya ci ƙarami. Mu kuwa muna ganin maganar ba ta ƙare a nan ba.

Ajiye dabba don sha'awa ba laifi ba ne a asalinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin ƙanen Anas ɗan Malik, watau Abu Umairu, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Amma su ɗin dai suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Wanda ya tsare rai, ya ɗauki nauyinsa.

To, me ke haddasa faɗan? Yawancin kifayen nan mazauna duwatsun murjani ne, kowane da yankinsa. Akwai ƙanana da ake kira damsal, waɗansunsu har noma suke yi: su keɓe wani dutse, su bar gansakuka ta tsiro a kai, su riƙa korar duk wanda ya matso, ko da ya fi su girma nesa ba kusa ba, kamar manomi da garken shanu. A cikin teku wanda aka kora sai ya yi gaba, rigima ta mutu. A cikin akwati kuwa ina za shi? Gilashi gabas, gilashi yamma. Mai korar yana ganin baƙon ya ƙi tafiya, sai ya ƙara ƙaimi, dare da rana.

Kifin nan mai ruwan goro da ratsin fari, wanda yara suka sani da Nemo tun sinimar 2003, sha'aninsa ya fi ban mamaki. A kowane rukuni mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuwa ana danne su don kada su girma. In macen ta mutu, mijin sai ya rikiɗe ya zama mace, na bayansa ya hau matsayinsa. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci! Saboda haka wanda ya sayo manya biyu ya haɗa, watakila mata biyu ya haɗa, kuma da wuya su zauna lafiya.

Sai wanda Larabawa ke kira jarrahu, watau likitan fiɗa, domin a gindin wutsiyarsa akwai ƙaya mai kaifi kamar aska, da ita yake yankan abokin gaba. Irinsa na Bahar Maliya da ake kira suhal yakan kai santimita 40, kuma ya yi suna wajen zafin rai. Sa shi a ƙaramin akwati tare da mai kama da shi a siffa ko launi, daidai yake da haɗa raguna biyu a ɗaki a kulle.

A nan ne ya kamata a tuna hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo, na hanin zuga dabbobi su yi faɗa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma hana cutar da dabba ba gaira ba dalili abu ne tabbatacce. Wanda bai sani ba yana da uzuri a karon farko. Wanda ya gani ya ƙyale, ko ya mai da abin kallon nishaɗi ga baƙinsa, ba mu ga uzurinsa ba.

Masu wannan sana'a sun san dabarun rage fitinar. A fara sa masu sanyin hali, mafaɗacin ya zo daga ƙarshe, kada ya riga ya mallake wurin. In za a kawo baƙo, a sauya jerin duwatsu don iyakoki su rikice, a kashe fitila, ko a ajiye shi kwanaki a ɗan akwati mai huji a cikin babban, su saba da ganin juna. A yawaita maɓoya, a watsa abinci wurare dabam-dabam. Kifin da ake kora kullum jikinsa yakan yi rauni, cutar fararen ɗigo ta kama shi, ta bazu ga sauran. In duk an yi wannan faɗan bai lafa ba, sai a raba su, ko a mayar da ɗaya ga mai sayarwa, ko da kuwa ba zai dawo da kuɗin ba.