Baƙin Mai da Babur Mai Kama Kulochi da Kansa a Rairayin Bune

Ƙaramin babur ɗin nan da ake sa wa giya da ƙafa ba tare da an matsa komai da hannun hagu ba, shi ne ake ce wa marar kulochi a Bune da sauran garuruwan yankin Gure. Sunan ya jawo asara mai yawa, domin babur ɗin yana da kulochi. A yawancin irinsa ma guda biyu ne, kuma dukansu suna cikin inji, jiƙe da baƙin man da ake zuba masa.

Kamfanin Honda na Japan ne ya yaɗa wannan ƙira da babur ɗinsa Super Cub a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 nasa. Baburan Sin masu ƙarfin cc 100 zuwa 125 da suka cika kasuwannin Damagaram da arewacin Najeriya da yawansu kan wannan tsari aka yi su. Kulochi na farko yana da wasu ƙarafa masu nauyi da siririn sifirin ke riƙe da su. Idan inji yana silo, sai su zauna a tsuke, babur ya tsaya cik ko da yana cikin giya. Da an murɗa totur, gudun juyawa ya watsa su waje, su kama gangar da ke kewaye da su, ƙarfi ya tafi ga taya. Na biyu faya-fayai ne a jere, kuma sandar giyar da ake takawa ita ke sakin su na ɗan lokaci kafin giya ta shiga.

Duka biyun da gogayya suke aiki. A nan ne maganar da aka saba ji a bakin rumfar bakanike, wai baƙin mai duk ɗaya ne, ko kuma wai na mota ya fi kyau tunda ya fi tsada, take zama ɓarna. A mota, mai yana shafa inji kaɗai. Kulochi a bushe yake, akwatin giya kuma da nasa man daban. Shi ya sa masu haɗa man motocin zamani ke ƙara masa sinadarai masu rage gogayya, irin su molibdenom, don a rage shan fetur. A babur kuwa mai guda ne ke hidimar fistan da haƙoran giya da kulochi, kuma abin da bai kai lita ɗaya ba ne ke ɗauke da wannan nauyi duka. Mai jan guga a rijiya ya san hannu jiƙe da ruwa yana riƙe igiya sarai, amma hannun da ya taɓa yauƙin kuɓewa sai igiya ta zame masa. Kulochin babur an yi shi ya kama a jiƙe; abin da ba ya jurewa shi ne man da santsinsa ya wuce kima.

Saboda wannan matsala ce hukumar ma'aunin motoci ta Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Alamar MA tana nufin mai ya dace da kulochin da ke cikin mai. Alamar MB ta mai santsi ce, ta baburan da ke tafiya da bel, waɗanda kulochinsu a bushe yake. A 2006 aka raba MA gida biyu, MA1 da MA2, inda MA2 ya fi riƙo. Wanda zai sayi mai a Bune ko a kasuwar Gidigir, haruffan nan ya kamata ya duba a bayan gora kafin launi ko hoton da ke gabanta.

Kauri wani batu ne daban. Lambobi irin 10W-40 da 20W-50 suna nuna yadda mai ke gudana: ta farko a sanyi, ta biyu idan inji ya ɗau zafi. A bazara, lokacin da zafin Afirilu da Mayu ke haura digiri 40, 20W-50 yana yi wa tsohon inji kyau idan littafin babur ya yarda da shi. Murza mai tsakanin yatsu biyu don a ji kaurinsa ba ya nuna inganci. Gurɓataccen man da aka tace aka sake ɗurawa a gora ma yana da kauri, kuma irinsa na yawo a kasuwannin iyaka, musamman tun da kaya suka yi tsada bayan cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Abin lura ne, domin a ƙauyukan kwari babur shi ne motar asibiti, shi ne kuma ke kai kanwa da dabino bakin hanya.

Alamar zamewar kulochi a bayyane take. A hawan tudun yashi inji yana kuka, gudu ba ya ƙaruwa, murfin inji na dama yana zafi fiye da kullum. Idan aka buɗe, za a ga faya-fayan sun yi baƙi suna sheƙi, man yana warin ƙuna. Faifan da ya kai haka sai canji, juyen mai kaɗai ba ya dawo da shi.

Ba mai kaɗai ke ƙona kulochi ba, har da hannu da ƙafar matuƙi. Da yake injin ba ya mutuwa ko an tashi da giya ta uku, ƴan kabu-kabu da yawa sun saba tashi a haka, da buhu biyu a baya, cikin rairayi. Ƙarafan nan sai su yi ta gogar ganga ba su kama sosai ba, zafi ya taru. A yashi mai zurfi giya ta ɗaya ko ta biyu ce daidai, da totur a tsaye ba a fizga ba. Wajen canza giya a saki totur tukuna. Ɗora ƙafa kan sandar giya ana tafiya ma yana ɗan sakin faifan ba tare da matuƙi ya sani ba. Silo idan ya yi sama, babur zai riƙa ja yana tsaye. Akwai kuma ƴar ƙusa a jikin murfin dama ta daidaita kulochi, wadda ya kamata bakanike ya duba lokacin juye. Birkin gaba a rairayi yana nutsar da taya ya kayar da mutum, don haka na ƙafa ne abin dogaro. 

Injin waɗannan ƙananan babura ba shi da matatar mai ta takarda. Ƴar raga ce da wata ganga mai tara datti. Ƙurar hunturu da ta wuce matatar iska a cikin mai take ƙarewa, ta riƙa cin ringi da faifai. Littattafan masu ƙira da kansu sun ce a gajarta tazarar juye a ƙasa mai ƙura, a kuma yawaita wanke soson matatar iska. Ana yin juye inji na da ɗumi, a auna mai da sandar awo babur yana tsaye sak a kan daidaitacciyar ƙasa, kada ya gaza layin ƙasa, kada kuma ya haura na sama.