Manhajojin da ke Sauƙaƙa wa Mai Nazari Aiki

Binciken ilimi yakan fara da neman abin da aka riga aka rubuta, kuma a nan babu kafar da ta kai Google Scholar karɓuwa. Tun buɗe shi a 2004 yake tattaro maƙalu, kundayen digiri da littattafai wuri guda, yana kuma nuna waɗanda suka ambaci kowace maƙala bayan fitowarta. Da haka mai nazari ke bin sawun batu daga tsohon aiki zuwa sabo. Sai dai da yawa daga manyan mujallu sai an biya ake karantawa. Wanda jami'arsa ba ta biya ba yakan nufi DOAJ, rumbun mujallun kyauta da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ko AJOL, mai ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, har da na jami'o'in Nijeriya.

Inda lokaci ya fi salwanta shi ne tsara manazarta. Zotero, wadda ta fito daga Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, ita ce maganin wannan, kuma kyauta ce. Da an danna maɓallinta a shafin maƙala, sai ta kwashe sunan marubuci, shekara, take da shafuka ta adana. Idan an zo rubutu a Word, ita ke saka madogara a cikin jimla, ta jera manazarta a ƙarshe. Ko sashe ya ce a sauya salo daga APA zuwa MLA ana gab da miƙa kundi, aikin minti ɗaya ne, ba na dare guda ba. Amma abin da aka ba ta shi take maimaitawa: idan shafin ya juya sunan marubuci ko ya ɓata harafi mai lanƙwasa, haka kuskuren zai fito, don haka tilas a duba kowane bayani tun ranar adana shi. Mendeley, mallakar kamfanin Elsevier tun 2013, irin aikin nan take yi. EndNote kuwa ta kuɗi ce.

Wajen tattara bayanai a karkara, KoboToolbox tana aiki a waya ko babu intanet. Ƙididdiga kuma akan yi ta da SPSS, ko da R, wadda ta fi wuyar koyo amma ba a biyan ko sisi. Wajen gano satar fasaha kuwa, Turnitin kamannin rubutu kawai take nunawa. Hukuncin ko an yi satar fasaha yana hannun malami mai duba aikin.