Gidan Makama Na Kano: Doka Kaɗai Ba Ta Tsare Ginin Ƙasa

Daga Wakilinmu Na Arewa

Duk wanda ya je birnin Kano ya tsaya kusa da Gidan Sarki, zai hangi wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye a kansa. Wannan shi ne Gidan Makama. Masana tarihi sun ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa sa'ad da yake Makama, tun kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa na ɗan lokaci. Yanzu kuwa wani sashensa gidan tarihi ne, a hannun hukumar tarayya mai kula da kayan tarihi, wadda aka kafa a 1979.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne sanyin ciki. Da tubali aka tayar da bangon, gindinsa da kauri, yana sirancewa yayin da ya yi sama, saboda haka zafin rana ba ya ratsa shi da wuri. Rufin kuwa na azara ne, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in ɗaki ya yi faɗi, sai magina suka ƙago bakan gizo: a jera azara a cikin ƙasa daki-daki, tana lanƙwasowa daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya.

To, amma ginin ƙasa yana da abokin gaba, shi ne ruwan sama. Mutanen da sun san haka. Kafin damina sukan sake yaɓe, su shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, su gyara rufi da katsi na marina, su share indararo. In aka bar soro damina biyu ko uku ba gyara, sai ya fara yoyo, azara ta ruɓe. Wasu kuma sukan shafe bangon da siminti wai don su huta, alhali siminti yana tsare laima a ciki, ƙasa ta riƙa zagwanyewa ba a sani ba.

A Ingila akwai gidajen zamanin sarakunansu masu suna Joji, daga 1714 zuwa 1830, waɗanda doka ta hana masu su sāke musu fasali sai da izini. Amma su da jan bulo ko dutse aka yi su. Namu kuwa, ko an hana rushe shi, in babu magini zai rushe da kansa.

Wannan magana ba ta Kano kaɗai ba ce. A nan Potiskum ma, daga Yindiski zuwa sauran unguwanni, bulo da kwano ake yayi, yara kuma ba su koyon ginin ƙasa. Muna kira ga hukuma da sarakuna su ware kuɗin yaɓe kowace shekara, su kuma ɗauki samari su bi tsofaffin magina tun suna da rai. Allah Ya sa masu abin su ji.