Tokar gawayin Anou Araren: sharar da ke iya rage wa siminti nauyi

Duk wanda ya taɓa aiko da kuɗi daga Libiya, Aljeriya ko Faransa don a ɗora masa ɗaki biyu a gida ya san inda akasarin kuɗin ke tafiya: siminti. Kafin a kai ga rufi, an sha lissafin buhu nawa ya rage. Shi ya sa batun rage yawan simintin da ke shiga cikin kwaɓi, ba tare da ginin ya yi rauni ba, ya shafi aljihun kowa.

Tsadar siminti daga wuta take farawa. A masana'anta irin ta Malbaza da ke jihar Tahoua, ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1450, a samu wasu ƙananan duwatsu da ake kira kilinka, sannan a niƙa. Gashin yana cin makamashi mai yawa, kuma masana'antun siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon da duniya ke saki.

A can jihar Agadez kuma, kusa da Tchirozérine, kamfanin Sonichar yana ƙona gawayin ƙasa na Anou Araren tun 1981 domin samar da lantarki ga birnin Agadez da mahaƙar Arlit. Gawayin yana barin toka mai yawa, wadda ta yi shekaru tana taruwa. Masu bincike a cibiyar 2iE ta Wagadugu sun yi nazari a kanta, sun gwada ta wajen buga bulo, sun kuma niƙa ta don ta maye gurbin wani kaso na siminti.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, idan siminti ya haɗu da ruwa yana sakin wani sinadari dangin farar ƙasa wanda ba ya ƙara wa gini ƙarfi sosai. Tokar da aka niƙa ta yi laushi tana ɗauke da silika, wadda ke haɗuwa da wannan sinadari ta zama abin ɗaure yashi. Dabarar tsohuwa ce: Rumawa sun yi gine-gine da tokar dutse mai aman wuta, wasunsu na tsaye har yau. Ƙa'idar siminti ta Turai ma ta amince a sa tokar gawayi daga kashi 6 zuwa 35 cikin 100 a wani nau'in siminti.

Sai dai irin wannan kwaɓi yana jinkirin yin ƙarfi. A kwanakin farko yana bayan na siminti zalla, sai daga baya ya riƙa kamo shi, kuma dole a yi ta ba shi ruwa, abin da magina da yawa ke sakaci da shi a lokacin zafi. Akwai kuma kuɗin niƙa da na jigila, domin tsakanin Tchirozérine da Malbaza ya haura kilomita 500.

Ba kowace shara ce kuma ke shiga gini ba. Ragowar aikin uranium da ke jibge a Arlit da Akokan tana fitar da tururi mai cutarwa, bai kamata ta kusanci bangon ɗakin kwana ba. Ita ma tokar gawayin sai an auna abin da ke cikinta kafin a amince da ita.

Saboda haka gaurayar aikin masana'anta ce da ɗakin gwaji, ba na magini da shebur ba. Mai ginin da ke nesa, idan aka ce masa an rage siminti an ƙara toka, ya tambaya wa ya auna, kuma ina sakamakon gwajin kwana 28.