Sawu Uku a Ƙofar Gidan Kawu

Kwana biyu da saukata Babura, hunturu ya kankama, na fito da hantsi na tarar da wani sawu a kan rairayin ƙofar gidan kawuna. Layuka ne sirara guda uku a jere, sun fito daga lungun bayan gida sun nufi hanyar gona, sun kuma dawo. Babu tafin ƙafar mutum a tsakaninsu, babu kofaton dabba. Iska ta share su kafin azahar. Washegari sai ga su sababbi.

Na tsuguna ina lissafi. Baro taya ɗaya gare shi, kuma mai turawa dole ya bar sawu. Kurar 'yan garuwa taya biyu ce. Amalanke ba ya tafiya sai da shanu ko jaki. Keke Napep yana da taya uku, amma masu faɗi ne, waɗannan kuwa ba su wuce kaurin yatsa biyu ba. Saura abu ɗaya: keken guragu.

Wannan keke ba baƙo ba ne a wajenmu. Shan inna ta bar mana 'yan'uwa da yawa da ke murza shi da hannu, kuma a Kano waɗanda cutar ta taɓa su ne da kansu suke ƙera shi. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba Afirka da ainihin ƙwayar cutar. Maƙwabcinmu mai sayar da goro yana da irin wannan keken, don haka na karya kara na auna tazarar sawun, na je na gwada da tayoyinsa. Nasa ya fi ƙunci da kusan taƙi guda.

"Ba ni ba ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Hannu ba ya jan rairayin hanyar gona. Mai wannan sawu da ƙafa yake tuƙi."

Na koma na ƙura wa layin tsakiya ido. Duk bayan taku uku akwai wani ɗan tabo da ke maimaita kansa, alamar an yi wa taya faci daga waje. Gabana ya faɗi, domin na san facin nan. Ni aka aika wurin mai faci da tsohon Raleigh ɗin Kawu, keken da ya rataye a zaure tun da ciwon baya ya sa shi gaba, jiri kuma ya kayar da shi a hanyar kasuwa. Na leƙa zaure, ƙusa kawai na gani a bango. Da na tambayi Inna, murmushi ta yi ta ci gaba da tankaɗe.

Amma Raleigh taya biyu gare shi. Ina ta ukun ta fito? Amsar tana rumfar mai walda, inda na ga gangar keke biyu an yanke su. Da farko ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton da ya kwaikwaya: keke mai kujera ƙasa-ƙasa, mahayi a kishingiɗe, feda a gabansa maimakon ƙarƙashinsa. Ya ce sarƙa uku ya haɗa kafin ta kai baya.

Da asuba ta gaba ban koma barci ba, na laɓe a gindin darbejiya. Sai ga Kawu ya ɓullo daga lungu, rawani a fuska, bayansa jingine da kujerar ƙarfe da aka saƙa da roba, ƙafafu a miƙe suna juyawa a hankali, tsohuwar tayar Raleigh a gaba, biyu a baya. Da ya gan ni ya ja birki ya tsaya cak, bai ko sauke ƙafa ƙasa ba.

"Kawu, barka da asuba. Me ya sa ake ɓoye mana?"

"Yaro, gudun bakin mutane. Za a ce na hau keken guragu."

Wannan magana ta yi mini ciwo, don keken guragu ba abin kunya ba ne. Wani mai gyaran agogo a Jamus, Stephan Farffler, wanda ba ya iya tafiya, shi ya ƙera wa kansa keke mai taya uku na murzawa da hannu a 1655, tun ba a san keke mai taya biyu ba. Shi kuwa keken da ake hawa a kishingiɗe, a 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya ci kilomita 45 cikin sa'a ɗaya a kan mai taya biyu irinsa, ya karya tarihin duniya, har hukumar tseren keke ta duniya ta hana shiga gasa da shi a 1934. Mai kishingiɗa ba ya tare iska da ƙirji.

Kawu bai damu da gudu ba. Abin da ya samu shi ne nauyin jikinsa ya bazu a kan kujera, ba a kan ɗan sirdi da wuyan hannu ba. Ba ya sunkuyo, ba ya ɗage wuya. Idan jiri ya taso sai ya tsaya a zaune har ya wuce. Motsa jikin da likita ya daɗe yana nanata masa saboda hawan jini, ga shi yana yi kullum, yana kuma ganin gonarsa da idonsa. Keken yana da nasa cikas: rairayi mai zurfi yana riƙe taya uku fiye da biyu, kuma ya yi ƙasa sosai, direban babbar mota zai iya kasa hango shi a titi.

Ranar nan na sa mai walda ya kafa masa doguwar sanda a baya, Inna ta ɗaura jan ƙyalle a kanta. Ranar Juma'a Kawu ya hau shi zuwa masallaci da rana tsaka, kuma kafin a watse dattawa biyu sun tambaye shi rumfar mai waldan.