Idan jinin mai ciwon sukari ya yi tsami, wane ruwa za a ƙara masa?

Akan kawo irin wannan maras lafiya asibiti a galabaice: ya kwana yana amai da yawan fitsari, yana jan dogon numfashi. Ƙarancin insulin ne ya sa jikinsa ya koma ƙona kitse, sinadaran da ke fita daga kitsen kuma suka tsamama jininsa. Likitoci na kiran matsalar DKA. 'Yan uwa kan zaci allurar insulin ce za ta fara ceto shi, alhali ruwa ne a gaba, domin baligi kan yi asarar kusan lita 6 kafin ya iso.

Shekaru da dama ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari aka saba ratayawa. Yana da araha, kuma da wuya a rasa shi. Aibinsa ɗaya: kuloraid ɗin da ke cikinsa ya kai ma'auni 154 a kowace lita, na jini kuwa kusan 100 ne. Idan aka zuba lita da yawa, shi kansa yakan haifar da wani tsamin, a daidai lokacin da ake yaƙi da na farko.

Shi ya sa hankali ya karkata ga ruwan Ringa, wanda haɗinsa ya fi kusa da na jini. Wani nazari daga asibitin Jami'ar Vanderbilt a Amurka, da aka wallafa a 2020, ya duba manya 172: waɗanda aka ba irin wannan ruwa sun fita daga matsalar cikin kimanin awa 13, masu ruwan gishiri kuwa kusan awa 17. Sai dai gwajin Afirka ta Kudu na 2012 bai ga bambancin a zo a gani ba. Jagorar ƙungiyoyin likitocin ciwon sukari ta 2024 ta amince da dukansu biyun. A ganina, inda Ringa ke kusa ya fi, amma jinkirin zuwa kemis nemansa ya fi illar gishirin haɗari.

Abin da kan ɗaure wa masu jinya kai shi ne ganin an rataya ruwa mai sukari. Ba kuskure ba ne: idan sukarin jini ya sauko ƙasa da 250, ana ƙara gulukos don a ci gaba da insulin har tsamin ya gushe. Ana kuma auna fotasiyam akai-akai, domin insulin na saukar da shi, faɗuwarsa kuwa kan iya tsayar da zuciya.